Kwamfutar da ta yi nauyi ba mutuwa ta yi ba, diski za a canja mata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Mu masu gyaran kwamfuta ne a nan Damagaram, muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi bayani a kan wata irin kwamfuta da ta yawaita a ofisoshi da makarantu da shagunan buga takardu na garin nan, wato wadda allonta da injinta suke cikin gida ɗaya, babu wani akwati daban a ƙarƙashin tebur. Akwai ta HP da Dell da Lenovo, akwai kuma iMac ta kamfanin Apple. Yawancinsu na hannu ne, ƙirar 2009 zuwa 2017, waɗanda suka shigo ta Kano ko ta Kwatano da Lome.

Kukan da ake yi da su ɗaya ne. A kunna ta, a je a sha shayi a dawo, ba ta gama tashi ba. Daga nan sai shugaban wurin ya yanke hukunci cewa ta tsufa, a kai ta ɗakin ajiya ƙura ta rufe ta, a shiga neman kuɗin sabuwa. Alhali a mafi yawan lokuta allonta lafiya lau, furosesarta kuma, wato ƙwaƙwalwar injin, Core i3 ce ko i5 da za ta iya aikin ofis ba tare da gumi ba. Abin da ya gaji diski ne, wato ma'ajiyar fayilolinta, kuma canja shi da sabon nau'in da ake kira SSD aikin wuni ɗaya ne. Sai dai aikin yana da tsari, wanda ya tsallake tsarin yakan fasa allo ko ya salwantar da takardun shekaru.

Tsohon diski faranti ne mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da allura mai yawo a samansa tana neman inda aka rubuta abu. Duk ƙaramin fayil da za ta ɗauko sai ta ɓata kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, ko fiye. Wannan ba komai ba ne idan fayil ɗaya ne, amma Windows 10 tana buɗe dubban ƙananan fayiloli a lokacin tashi, ga manhajar kashe ƙwayoyin cuta tana nata binciken a gefe. SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, yana kai wa ga fayil cikin kusan kashi ɗaya bisa ɗari na wancan lokaci. Saurin da mai kwamfuta zai gani daga nan yake fitowa, ba daga manyan lambobin da aka rubuta a jikin kwali ba. Shi ya sa ko kwamfutar da bakin jona diskinta SATA II ne, wadda ba za ta wuce mega 270 zuwa 280 a daƙiƙa ba, takan farfaɗo kusan daidai da mai SATA III da ke kai wa 550. Kada mai sayarwa ya ruɗe ku da zancen wai injin ya tsufa da ɗaukar SSD. Bakin SATA iri ɗaya ne tun farko, sabo yana shiga tsoho.

Kafin a kashe ko dala, a tabbatar diskin ne. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Gestionnaire des tâches ya buɗe, a duba shafin da ke nuna nauyin da kowane sashe yake ɗauke da shi. Idan diski yana maƙale a kashi 100 alhali furosesa tana hutawa ƙasa da 30, an gano mai laifi. Idan kuwa RAM, ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kai, ce ta cika, to giga 2 ko 4 ne a ciki, kuma a shirya ƙara ta zuwa 8 tun da za a buɗe injin. Irin waɗannan kwamfutoci gajeriyar RAM ta laftof suke ɗauka, galibi DDR3, wasu kuma DDR3L mai bolt 1.35, a karanta abin da ke jikin ta ciki kafin a saya. Windows mai bit 32 ba ta amfani da abin da ya haura giga 4, don haka wanda ya ƙara RAM ya bar ta a kai ya yi asarar kuɗinsa.

Sai a duba lafiyar tsohon diskin da manhajar CrystalDiskInfo, kyauta ce. Layuka uku ne abin lura. Mai lamba 05 yana ƙirga gurabun da suka lalace aka maye gurbinsu, C5 yana ƙirga waɗanda ke jiran a yanke musu hukunci, C7 kuma kurakuran da ake samu a hanya tsakanin diski da babban faranti, wato farantin lantarkin da duk sassan injin suke jone a kai. Idan 05 ko C5 sun bar sifili, diskin ya kama hanyar mutuwa. Idan C7 ne kaɗai ke hawa, wayar SATA ce ta saki ko ta lalace, kuma sabon SSD ma zai gaji matsalar matuƙar ba a canja wayar ba. Diskin da ke ƙas-ƙas ko mai alamar rawaya, kada a sa masa chkdsk, umarnin Windows na binciken diski, ya yi ta karanta shi daga farko har ƙarshe, wahalar takan ƙarasa shi. A fara kwashe abin da ya fi muhimmanci, takardu da rajista da hotuna, sannan sauran. Zancen a sa diski a firiji ko a buga shi da hannu don ya tashi, a bar shi.

Ko da diskin lafiya yake, a kwafi komai zuwa wani wuri dabam kafin a taɓa sukuru ko ɗaya, a kuma buɗe fayiloli kaɗan daga kwafin a ga suna buɗuwa. Idan an kulle diskin da BitLocker, a nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 a rubuta shi a takarda, ko a warware kullen gaba ɗaya. A rubuta sunayen manhajojin da ake aiki da su da lasisinsu, da direban firinta, musamman direban Wi-Fi, domin kwamfutar da ba ta ganin intanet ba ta da hanyar sauko da shi.

Sayen kaya shi ne inda aka fi tafka asara, saboda ana saye kafin a leƙa ciki. Lambar ƙirar kwamfutar tana baya ko ƙarƙashin ƙafarta, da ita ake neman littafin gyara, kuma HP da Dell da Lenovo duk suna sakin nasu kyauta. Wasu suna ɗauke da babban diski mai inci 3.5, wasu ƙarami mai inci 2.5 irin na laftof. SSD na SATA kuwa inci 2.5 ne, kaurinsa milimita 7. Idan gurbin na babba ne sai an haɗa da ƙarfen da ke riƙe ƙarami a gurbin babba. A nan akwai tarko: a wasu injinan bakin da diski ke shiga a kafe yake a jikin gida, ba waya ce mai lanƙwasa ba, don haka sai ƙarfen da ke ajiye bakin SSD daidai inda na tsohon yake, ba wanda ke dasa shi a tsakiya ba. Sukurun ma ba ɗaya ba ne. Na ƙaramin diski M3 ne, gajere, na babba kuwa ya fi kauri kuma zarensa dabam, wanda ya matsa shi da ƙarfi zai cinye ramin.

Da yawa daga cikin na ofis masu furosesar Intel ƙarni na shida zuwa sama suna da gurbin M.2 a jikin babban faranti, inda ake soka siririn SSD mai kama da kati. Shi ma iri biyu ne da suka yi kama, SATA da NVMe. Na SATA yawanci tsaga biyu gare shi a baki, NVMe tsaga ɗaya, kuma shigar abu cikin gurbi ba ta nufin injin zai gan shi. Littafin gyara ne zai faɗi wanda ake karɓa. Lambar 2280 da ake rubutawa faɗi ne milimita 22 da tsawo 80. Ɗan gajeren gurbin da katin Wi-Fi yake ciki ba na diski ba ne.

Batun girma, a ganinmu giga 120 ya yi kaɗan yanzu, Windows da sabunte-sabuntenta za su cinye rabi. Giga 240 ko 256 ya ishi sakatare da ɗakin karatu. Mai shagon hoto da buga katin biki ya nemi 480 ko 512 zuwa sama. A riƙa barin kashi 15 zuwa 20 babu komai, domin SSD da ya cika maƙil yana rage gudu kuma yana saurin gajiya. Idan an sayi 256 Windows ta nuna 238, ko 500 ta nuna 465, ba cuta ba ce, bambancin lissafi ne tsakanin kamfani da Windows.

Cutar gaske tana wani wurin. Jabun SSD ya yi yawa a kasuwa, ko a nan aka saya ko an yi sautu daga Kano. Akwai wanda aka shirya shi ya riƙa shelar tera 1 alhali abin da ke cikinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Zai yi ta karɓar fayiloli ba musu, yana rubuta sabo a kan tsoho, sai ranar da aka zo buɗewa a tarar da fanko. Kwali da tambari ba sa tabbatar da komai. Gwajin da muka yarda da shi shi ne H2testw, manhajar da ke cika diskin gaba ɗaya da rubutu sannan ta karanta ta gwada. Tana cin awoyi, amma a yi sharaɗi da mai kaya tun wurin ciniki cewa idan ya faɗi gwajin za a mayar masa. A kuma duba layi na 09 a CrystalDiskInfo, wanda ke ƙirga awoyin da diski ya yi a kunne. Sabon da ya nuna dubban awoyi tsoho ne aka sake wa riga.

Hanya biyu ce ta mayar da Windows kan sabon diski: ko a kwafi tsohon sukutum, ko a ɗora sabuwa. Kwafi ya dace da inda akwai manhajar lissafin kuɗi ko ta rajista da ba a da hanyar sake samun ta. Ana haɗa SSD ta wayar USB mai bakin SATA, wadda ke wadatar da diski mai inci 2.5 saboda bolt 5 kawai yake sha. Babban diski yana neman bolt 12 a kai, sai mai caja daban. Sharaɗin kwafi shi ne abin da ke cikin tsohon ya kasance ƙasa da girman sabon. Manhajar kwafi ta Clonezilla takan ƙi kwafa daga babban diski zuwa ƙarami sai an fara rage girman ɓangaren da Windows take, Macrium Reflect kuwa tana iya ragewa a lokacin aikin. A kwafi duk ɓangarorin, har da ƙananan nan na farko masu mega 100 zuwa 500, domin a cikinsu fayilolin tashi suke. Idan tsohon yana da gurabun da suka lalace, kwafin zai tsaya a tsakiya, sai a koma ga ddrescue ta Linux mai tsallake wurin da ya ƙi karantuwa ta dawo masa daga baya. Bayan an gama, tashin farko a yi shi da SSD shi kaɗai. Diski biyu masu shaida iri ɗaya suna rikita Windows, ta kashe ɗaya ko ta tashi daga wanda ba a so.

Mu dai mun fi son ɗora sabuwa duk inda hali ya yi, saboda kwamfutar hannu takan zo da tarkacen masu ita na farko da ƙwayoyin cutar da kile-kilen USB suka yi ta zuba mata. Ana buƙatar kile mai giga 8 da manhajar Rufus mai shirya kilen ɗora Windows. A cikinta a zaɓi tsarin raba diski na GPT idan injin yana tashi ta UEFI, MBR idan tsohon BIOS ne (UEFI da BIOS su ne manhajar da ke jikin babban faranti mai tayar da injin), kuma a sani MBR ba ya ganin abin da ya wuce tera 2. Fayil ɗin Windows 10 ya haura giga 5, da tsadar intanet a nan gara a sauko da shi sau ɗaya a adana. Injinan da suka zo da Windows 8 ko 10 lasisinsu yana cikin babban faranti, canjin diski ba ya taɓa shi. Masu tambarin Windows 7 kuwa, Microsoft ta rufe ƙofar kunna Windows 10 da tsohon mabuɗinsu a 2023, sai dai idan an riga an taɓa kunna ta a kan injin. Wani ɗan abu da ke ɓata wa mutane lokaci: madannanmu AZERTY ne, idan aka bar mai ɗorawa a tsarin Amurka, kalmar sirrin da aka rubuta da A ko Q ko M ko lambobi ba za ta sake buɗewa ba bayan an gyara harshe.

Yanzu buɗe injin. A zare wayar wuta, a danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 15 ragowar wutar ta fita. A kifa allon a kan tsumma mai tsabta da aka kakkaɓe sosai, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta zana gilashi. Lokacin hunturu iska ta bushe ƙarau, jikin mutum yana tara wutar da ke tartsatsi idan ya taɓa ƙarfe, kuma wadda ba a ji ba ma tana iya kashe RAM ko SSD. A ɗaura abin hannu mai waya, in babu a riƙa taɓa ƙarfen gidan injin kafin a ɗauki kowane sashe, a kuma guji aiki a kan darduma ko tabarmar roba. A ɗauki hoto da waya a kowane mataki. Sukurori a jera su yadda aka ciro su, domin tsawonsu ya bambanta, kuma dogo a ramin gajere yakan tokare bayan allo ya bar tabo da ba ya gogewa.

Na ofis, irin su OptiPlex da ThinkCentre da EliteOne, an yi su ne don a buɗe: a cire ƙafa, a zame murfi, ga diski nan. Na gida su ne masu haƙoran roba kewaye da baki, sai an bi su da tsohon kati na roba a hankali, ba da bakin sukudireba ba. Idan murfi ya ƙi tashi akwai sukurun da ya ɓuya ƙarƙashin roba ko bayan na'urar DVD. Idan ya tashi kuma kada a fizge, wayoyin ciki gajeru ne. Sirarun wayoyi masu faɗi suna da ɗan murfi da ake ɗagawa da farce kafin a zare su. SSD a ɗaure shi da sukuru. Manne shi da salatif ba ya ɗorewa a zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, gam ɗin zai narke, diskin ya yi lilo ya toshe hanyar iska ko bakinsa ya saki. Mai son ajiye tsohon diski a ciki don manyan fayiloli yana iya cire na'urar DVD ya sa gidan diski a gurbinta, amma ya auna kaurinta tukuna, akwai mai milimita 12.7 akwai mai 9.5.

Tunda an buɗe, a fitar da ƙurar da ta daskare a fanka da haƙarƙarin ƙarfen da ke fitar da zafi, a riƙe fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. A canja man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen idan ya bushe. A kuma canja ɗan batirin CR2032 mai bolt 3. Mutane suna raina shi, amma idan ya mutu BIOS yana mance saitinsa duk lokacin da aka ɗauke wuta, kwanan wata ya koma baya shafukan intanet su ƙi buɗuwa, tsarin SATA kuma ya koma yadda ya fito daga kamfani. SSD yana son tsarin AHCI, kuma kafin ɗora Windows ake zaɓar shi a cikin BIOS. Windows da aka ɗora a kan wani tsari aka tashe ta a kan wani, shuɗin allo za ta nuna da INACCESSIBLE BOOT DEVICE, mai ita ya ɗauka sabon diskin ne ya mutu.

iMac kuwa sai an natsu, domin ta gaba ake shigarta. Ƙirar ƙarshen 2009 zuwa 2011 maganaɗisu ne ke riƙe da gilashinta, ana ɗaga shi da robobi biyu masu kama gilashi. A ƙarƙashinsa allon yana ɗaure da sukuru takwas na Torx T10, kuma maganaɗisun yana fizge su daga bakin sukudireba, a tanadi hantsaki. Allon ana ɗaga shi kaɗan ne daga sama, a zare wayoyi huɗu da ke bayansa ɗaya bayan ɗaya, sannan a cire shi. Sashen wutar injin a buɗe yake ba murfi, kuma yana riƙe caji bayan an zare waya, kada yatsa ko ƙarfe ya kusance shi. Diskin inci 3.5 ne, T10 da T8 ke kwance shi. Wurin mayarwa a goge allon da cikin gilashin a ɗaki rufaffe, don ƙurar da aka rufe a tsakani za a yi ta kallon ta kullum.

Matsalar da ta fi shahara a waɗannan ita ce fanka. Apple tana karanta zafin diskin ne daga cikin diskin kansa, a ƙirar 2009 da 2010 ta wata ƴar waya da ta dace da kamfanin da ya yi shi, a ta 2011 kuma ta wayar wutar SATA. Da zarar an sa wani diski, injin ya daina jin zafin, sai ya saki fankar da iyakar gudunta. Magani biyu ne. Akwai waya mai na'urar auna zafi da kamfanin OWC ke yi, ana sa ta tsakanin diski da wayar asali, ita ce gyara na dindindin. Akwai kuma manhajar Macs Fan Control, a saita ta ta bi zafin da SSD ke bayarwa. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a kafe fankar a ƙaramin gudu don a huta da ƙara. Wannan fankar ba diski kaɗai take sanyayawa ba, kuma a garinmu injin da aka rage wa iska ba ya daɗewa.

Daga ƙarshen 2012 iMac ta sirance, aka manne allon da gam, gilashi da allo kuma suka zama abu guda. Wanda ya fasa gilashi ya fasa allo ke nan, kuma kuɗinsa yakan kai na kwamfutar. Kada a fara sai sabon gam ɗin da aka yanka daidai girmanta, inci 21.5 ko 27, yana hannu. Ana yanka tsohon da ɗan faifan roba da aka yi don aikin, ba reza ba, kuma kada ya nutse ya kai santimita ɗaya, akwai kyamara a sama da wayoyi a gefe. Wayoyi biyu ne a bayan allon. A kankare ragowar gam tas, a goge da alkol, a jingina allon da salatif na takarda a kunna a ga komai yana aiki, sannan a manne. Salatif mai fuska biyu na kasuwa ba ya riƙe wannan nauyi a zafi, wata rana allon zai faɗo da kansa. Mai inci 21.5 ƙaramin diski take ɗauka, mai 27 babba. Idan tana da abin da Apple ke kira Fusion Drive, wato diski mai juyawa da ɗan SSD da aka haɗe suka zama ɗaya, cire ɗaya yana rusa duka, fayilolin a rabe suke tsakaninsu. Sai an yi cikakken kwafi da Time Machine, manhajar kwafi ta Apple, tukuna.

Shawararmu ga mai siririyar iMac da ba shi da kayan aikin nan ita ce kada ya buɗe, garin neman gira kada a rasa ido. Daga 2012 suna da USB 3. A sa SSD a gidansa na waje, a ɗora masa macOS, wadda ita ce kamar Windows ta Apple, a zaɓe shi a matsayin diskin tashi ko a danne Alt lokacin kunnawa. Yana ba da kusan mega 400 a daƙiƙa, wanda ya ninka na tsohon sau uku ko huɗu. Dabarar ba ta yi wa ƙirar 2011 zuwa ƙasa, USB 2 gare su, ba ya wuce mega 35 zuwa 40.

A Mac ana tsara sabon diski da tsarin rabo na GUID, a sa tsarin fayiloli na APFS idan macOS ɗin High Sierra ce zuwa sama. Tsohuwar iMac da ba ta taɓa ganin High Sierra ba, a fara ɗora ta a kan tsohon diskin, domin a lokacin ne injin ke samun sabuntawar da ke sa ya iya tashi daga APFS. Ƙirar ƙarshen 2009 zuwa 2011 a High Sierra suka tsaya, na 2012 da 2013 a Catalina. Bayan an gama a buɗe Terminal a rubuta sudo trimforce enable, saboda macOS ba ta kunna TRIM da kanta ga SSD na SATA da ba na Apple ba, kuma TRIM ne ke sanar da diski gurabun da aka goge don ya share su tun da wuri. Windows tun daga 7 tana yi da kanta.

Wannan TRIM ɗin yana da wata fuska da ya kamata masu ofis su sani. Fayil da aka goge bisa kuskure a tsohon diski ana iya tono shi, a SSD kuwa da wuya. Kuma tsohon diski yakan yi ƙara da jan ƙafa kafin ya mutu, SSD sau da yawa dare ɗaya yake ɓacewa. Ɗaukewar wuta yana tsakiyar rubutu na daga cikin abubuwan da ke jawo hakan, kuma kowa a yankin nan ya san halin wutarmu, balle watannin da suka biyo bayan Agustan 2023 da aka yanke layin wutar da ke zuwa daga Najeriya. Ondilar, wato akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, mai VA 650 ya ishi yawancin waɗannan injina su samu mintocin kashewa cikin tsari, amma batirinsa ba ya jure zafi, a riƙa zare shi daga bango ana gwadawa. Kwafin diski ko sabunta BIOS kada a fara su sai da ondilar mai rai. Kwafin mako-mako zuwa wani diski dabam kuma bai zama abin wasa ba don an sa SSD.

Ba kowace ce ta cancanci a kashe mata kuɗi ba. Wadda allonta ke zane-zane, ko ta kumbura ƴan gwangwanayen da ke kan faranti, ko take mutuwa da kanta idan ta yi zafi, ciwonta ba na diski ba ne. iMac mai inci 27 ta 2011 an san ta da mutuwar katin hoto, a gwada ta sosai kafin a saya mata komai. Masu furosesar Atom ko ƙananan AMD jerin E za su ɗan motsa, amma ba yadda za a ji daɗi ba, masu ajiyar eMMC ta giga 32 da aka liƙe a faranti kuwa galibi ba a canja musu. Sannan Microsoft ta tsayar da 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, Windows 11 kuma tana neman na'urar tsaro ta TPM 2.0 da Intel ƙarni na takwas zuwa sama, abin da yawancin injinan nan ba su da shi. Ga ɗakin koyon kwamfuta da aikin rubutu da shiga intanet, Linux Mint, wadda ake ɗorawa a madadin Windows, tana tafiya sumul a kansu, tana da Faransanci, tana zuwa da LibreOffice, kuma ƙwayoyin cutar da ke yawo a kile ba sa kama ta.

Saura tsohon diskin da aka ciro, kuma a nan muke kira ga shugabannin makarantu da asibitoci da ma'aikatu. A cikinsa akwai sakamakon ɗalibai da sunayen marasa lafiya da albashin ma'aikata, kuma Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017. Kada a bar shi a teburin mai gyara, a karɓe shi hannu da hannu, a rubuta kwanan wata a jikinsa, a kulle shi wata ɗaya ba a taɓa ba har a tabbatar babu abin da aka manta. Bayan haka, in lafiyayye ne, a goge shi da gaske kafin a mai da shi wurin ajiyar kwafi ko a sayar. Gogewar gaggawa sunayen fayiloli kawai take cirewa, kowane yaro mai manhajar tono zai dawo da su. A cire alamar gaggawar a bar shi ya yi cikakkiya, ko a yi amfani da umarnin clean all a cikin diskpart, bayan an duba lambar diskin sau biyu don kada a share na aiki. Diskin tera 1 yakan ci awa biyu zuwa huɗu. Wanda ya lalace har ba ya goguwa, a huda shi da injin huda ƙarfe wuri uku ta kan farantin. Na inci 2.5 da yawa farantinsu gilashi ne mai tarwatsewa, a naɗe shi da tsumma a sa tabarau kafin a fara.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wasu masu gyaran kwamfuta,
Damagaram, Jamhuriyar Nijar